Ranar da Yaya Haladu Ya Ƙi Sauke Tuta

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka ɗauki Yaya Haladu muka kai shi makwancinsa a bayan gari, kusa da kukar da ke kallon filin makaranta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Waɗanda suka san shi a ƙauyukan da ke tsakanin Ɗanbatta da Bagwai ba sa haɗa sunansa da na mahaifinsa, Haladu Mai Tuta kawai suke cewa, kuma ko a gabansa aka faɗa ba ya jin haushi, sai ma ya gyara zaman hula. Taubashina ne, ɗan yayar mahaifina. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, amma tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, ban fasa ce masa bawana ba har furfura ta cinye masa gemu. Shi kuma tun ranar da aka ba ni riƙon firamaren garinmu ya daina kiran sunana, sai dai Hedimasta, da wata irin murya da mutum zai rasa girmamawa ce ko zolaya.

Ban da zagayowar ranar, abin da ya tayar mini da shi a wannan karon wani taro ne da matasan garinmu suka yi na ƙungiyarsu ta ci gaban gari. Sun kafa rumfa, sun jera kujeru, suka ɗaga tutarsu mai shuɗi, fari, shuɗi a gefen tutar ƙasa. Wani baƙo ya tambayi ma'anar launin, sai sakataren ƙungiyar ya miƙe ya yi bayani tiryan-tiryan: shuɗi ruwan madatsa ne da muke noman rani da shi, fari kuma zaman lafiya. Aka tafa masa. Ni ma na tafa, don bayanin ya yi daɗi, sai dai ba haka aka yi ba. Lokacin da launin nan ya shigo garinmu, ruwan da za mu ba akuya ma nema yake ya gagare mu, balle na noman rani. Ina wurin aka yi, kuma ina da hannu a ciki, shi ya sa na ga gara in rubuta tun ina da sauran ido.

Haladu ɗan marini ne. Mahaifinsa yana da rijiyoyin rini a karofin da ke gabashin gari, shi ma ya tashi hannunsa rine da shuni har gwiwa. Da atamfa da yadin kanti suka fara cinye kasuwar rini, sai ya bar gida ya samu aikin masinja a ofishin hakimi. A can aka damƙa masa igiyar tuta, a can kuma ya kamu da son da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Kafin nan tuta ɗaya ya sani, farar nan mai rubutun Larabci da ke gidan dagaci, wadda ake naɗe da ita cikin fata, ba a fito da ita sai za a fita roƙon ruwa. A ofis ya tarar da ta Turawa mai layukan ja da fari, da wata shuɗiya mai tauraro irin na jikin kwabo mai huji. Yakan ce bai taɓa son Bature ba, amma ya koyi abu ɗaya a wurinsa, wato abin da ka ce naka ne kada ka bar shi ya kwana a waje.

Shi ya sauke ta Turawa a gundumarmu ranar da aka samu 'yancin kai, shi ya ɗaga kore, fari, kore karon farko. Ya ba mu labarin nan sau ba adadi, kuma kowane karo jama'ar da ta taru a ranar sai ta ƙaru. Da ya naɗe tsohuwar ya tambayi magatakarda inda zai kai ta, aka ce ya riƙe tukuna, za a aiko. Ya riƙe. Har ya rasu ba a aiko ba. Haka ta zama ta farko a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. Bayan an rarraba Arewa jiha-jiha, wata 'yar ƙarama mai dagin Arewa da ake maƙala wa motar manya ta bi ta ciki, sai kuma tutocin ƙasa da suka tsufa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta jam'iyya ce kawai ba ta taɓa shiga akwatin ba. Ya ce wannan ankon biki ne, ana watsewa sai a yi tsumman goge fitila da shi.

Da ya gaji da zaman ofis ya dawo gida, aka ba shi gadin firamarenmu, sai ya zo mana da dokokinsa. Tuta ba ta taɓa ƙasa, ba ta kwana a sama, ba ta kuma shan ruwan sama. Da ya hango hadari zai ajiye ko me yake yi, ko loma ce a hannunsa, ya je ya sauke ta ya rungumo ta zuwa ofis. Na sha tsokanarsa cewa matarsa, Yaya Asabe, ba ta samun rabin wannan tarairaya. Sai ya ce Asabe tana da bakin da za ta yi wa kanta magana, ita kuwa wannan baiwar Allah sai abin da aka yi mata.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Tuta ta yi arha. Tana jikin babur, tana kan teburin kowane ƙaramin ma'aikaci, ana yin hula da ita, ana yin mafici. A ƙofar wasu ofisoshi kuma za ka gan ta ta kwana ta wuni a sama har ta koma zare-zare, masu ofishin suna wucewa ta ƙarƙashinta ba mai ɗaga kai. Wannan kam na san zai hana shi cin tuwo. Kwanakin baya da tsadar rayuwa ta fito da matasa kan titi a birni, na ga hotunan wasu suna kaɗa tutar wata ƙasa da ba su taɓa takawa ba. Mutane da yawa sun zage su. Ba na jin Haladu zai zage su. Zai fara tambayarsu ko sun karya kumallo, sannan ya tambaya wa ya taɓa miƙa musu tasu ya ce su riƙe da hannu biyu. Ya san yunwa, kuma a cikin yunwa ya yi abin da nake son faɗa.

Shekarun nan ne da fari da tsadar kaya suka haɗu mana a lokaci guda, soja kuma yana kan mulki. Gyaɗar da muke tinƙaho da ita ta riga ta juya mana baya. Sabulu da sukari sai an bi layi, layin ma da mai bulala a tsaye. A wannan shekarar damina ta zo a makare, gero ya yi abin da ya yi aka yanke shi ba yabo ba fallasa, duk begen gari ya koma kan dawa. Dawa ta yi ciki tana shirin fitar da kai, sai ruwa ya ɗauke. Mako ya wuce, wani ya bi shi, na uku ya shigo. Ganye ya naɗe, ƙasa ta tsage. An fita roƙon ruwa sau biyu, an juya riguna, an fito da farar tutar gidan dagaci, hadari ya riƙa haɗuwa da rana tsaka yana watsewa muna kallo.

A garinmu akwai wata al'ada a irin wannan hali. In an daɗe ana jiran ruwa kuma hadari ya taso, ba a kwashe shanya, ba a kora dabbobi ɗaki, ba a gudu neman mafaka. Tsofaffi suna cewa ruwa baƙo ne mai kunya, in ya ga ana ɓoye masa kaya sai ya wuce gaba. Liman ya sha faɗa a kan mumbari cewa camfi ne, ruwa na Allah ne. Kowa ya ce gaskiya ne, Malam. Amma ranar da hadari ya haɗu, har a gidan liman ɗin barkono yana nan a shanye.

Ana cikin haka takarda ta iso mini daga ofishin ilimi. Gwamnati ba ta iya riƙe duk makarantun ƙauye, za a rufe wasu a haɗe su da na bakin titi. Jami'i zai zagayo nan da mako biyu ya ga wadda ta cancanci a bari. Aka jero abin da za a duba: yawan yara, tsafta, taken ƙasa, da tuta mai kyau a kan sanda. A zamanin nan maganar tuta ba wasa ba ce, an sa manyan mutane tsallen kwaɗo a kan abin da bai kai wannan ba. In aka rufe tamu, makarantar da za a tura yaranmu tana can bayan rafi, tafiyar da ke cinye hantsi guda. Na san iyayen garinmu. Da ƙyar da lallami muka samu suka ba mu yaran, 'yan matan kuwa ko ɗaya ba za a bari ta tsallake rafin ba. Karatun boko a garinmu zai mutu ke nan.

Tutarmu kuwa ta riga ta gama aiki. Rana ta cinye korenta har ba a bambanta shi da farin, iska ta yage bakinta, Haladu ya yi mata faci har facin ya nemi faci. Na je ofis, mai kula da sito ya buɗe mini ɗakin na gani da idona, ba komai sai ƙura da tsofaffin rajistoci. Na hau motar Kano, na zaga kasuwa tun hantsi har la'asar. Kowane ofishi a jihar tuta yake nema a wannan makon, wadda na samu ɗaya tak kuma ba ta irin aljihun malamin ƙauye ba ce. Na dawo hannu rabbana, na zauna a dakalin makaranta na yi tagumi.

Haladu ya tsaya a kaina ya ce, "Hedimasta, kore ne ya gagare ka? Ai da tsohuwar zuma ake magani. Samo mini farin ƙyalle."

Na samo buhunan fulawa uku a wurin wani mai gidan burodi a Ɗanbatta. Yaya Asabe ta wanke su da toka har rubutun jikinsu ya fita. Rijiyoyin rinin mahaifinsa sun daɗe da cikewa da yashi, don haka a randa ya haɗa, da ragowar curin shuni da ya ajiye a tukunya shekara da shekaru. Kullum yana motsawa yana shinshinawa, har kwana bakwai, sannan ya ce ta nuna. Ya tsoma buhu biyu suka fito shuɗi. Ni da ban san sana'ar ba na ce bawana ka kashe ni. Bai kula ni ba. Ya sa aka tono saiwar rawaya a daji, ya daka, ya dafa, ya mayar da shuɗin nan ciki. Ina tsaye ƙyalle ya koma kore shar, irin na ganyen dawa a tsakiyar damina. Telan garinmu ya haɗa uku ɗin, ya yi mata bakin igiya. Ban taɓa ganin tutar da ta kai ta kyau ba, har yau.

Da yake miƙa mini ita ya ce in saurara. Shuni ba ya zuba, in ya kama ya kama har abada. Rawaya kuwa sai an kama ta da alif, farin dutsen nan da ake tace ruwa da shi, kuma alif ya ɓace daga kasuwa kamar sauran kaya. "Wannan koren na aro ne," in ji shi. "Rana ba za ta yi masa komai ba nan kusa. Amma kada ruwa ya taɓa shi." Na yi dariya na ce wane ruwa. Kwana ashirin da wani abu rabonmu da ko yayyafi.

Ranar da jami'in zai zo, tun da sassafe yara suka share fili, aka ɗaga sabuwar tuta, muka jeru muna jira. Hantsi ya yi bai iso ba. Sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ba irin na kwanakin baya ba. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Filin makarantarmu shi ne sarari mafi girma a bakin gari, daga nan ake hango gabas sosai, don haka kafin ka ce kwabo mutane sun fito sun cika gefensa. Maza da fartanya a kafaɗa, tsofaffi da carbi, mata suna leƙe ta saman danga. Kowa ya ɗaga kai, kuma abin da ya fi komai tsawo a tsakaninsu da hadarin nan sandar tutarmu ce.

Na matsa kusa da Haladu na ce a hankali, "Yaya, sauke ta." Ranar ce ta farko da na kira shi Yaya a bakin aiki. Yana tsaye a gindin sanda, hannunsa a kan igiya, bai motsa ba. Na sake faɗa. Na tuna masa dokarsa ce, ba tawa ba, shi ya ce tuta ba ta shan ruwan sama. Na tuna masa shi da bakinsa ya ce koren na aro ne. A karo na uku na faɗa da muryar hedimasta. Sai ya saki igiyar, ya mayar da hannayensa baya ya harɗe.

"Ba ni zan ɓoye wa baƙon nan kaya ba," ya ce. "In kana so ka sauke da hannunka, ga igiya."

Na dubi igiyar, na dubi mutanen. Gaba kura, baya sayaki. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba bayan shekaru masu yawa haka: ba hikima ce ta hana ni taɓa igiyar ba, tsoro ne. Ina nan tsaye ɗigon farko ya faɗo mini a goshi.

An yi ruwa a ranar kamar da bakin ƙwarya, tun kafin azahar har ta wuce. Ba wanda ya gudu. Tsofaffi suna kuka suna hamdala, yara sun watse daga layi suna tsalle a cikin taɓo, ni kaɗai ne a duk garin nake kallon sama da baƙin ciki. Ruwan ɗorawa yana gangarowa ta jikin sanda yana taruwa a gindinta. Da aka ɗauke, iska ta buɗe tutar, sai ga ta shuɗi, fari mai dabbare-dabbaren rawaya, shuɗi. Ban gama haɗiye wannan ba na ji ƙugin mota. Taɓo ne ya riƙe su a hanya, sai la'asar suka iso, jami'in da wani soja mai dorina a hannu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tattara yaran a jiƙe, suka rera taken ƙasa, kuma wallahi ba su taɓa rera shi da ƙarfi irin na ranar ba. Jami'in mutumin birni ne, sa'ana, mai farin tabarau. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Hedimasta," ya ce, "wace ƙasa muka shigo?"

Sai Haladu ya tako gaba, rigarsa tana ɗiga, ya ƙame ya sara masa irin sarawar masinjan da.

"Ranka ya daɗe, Nijeriya ce. Ni na rina, ni na ɗaga, ni na ƙi saukewa. Hedimasta ya ce in sauke har sau uku, ga jama'a shaida."

"To ina koren?"

"Ya bi ruwa ya shiga ƙasa, ranka ya daɗe. In ka biyo ta nan da mako guda za ka gan shi a gonaki."

Sojan ya kau da kai yana gyara hula, na ga kafaɗarsa tana rawa. Jami'in bai yi dariya ba. Ya shiga ofis, ya duba rajista, ya ƙirga yara aji-aji, ya tsaya a kan yawan 'yan matan da ya gani. Sannan ya rufe ƙofa ya ce mini shi ma ɗan manomi ne, ya fahimci abin da ya faru, amma ba shi kaɗai ya zo ba, kuma abin da soja ya gani ba ya ɓoyuwa. Dole rahotonsa ya ɗora laifin tutar nan a kan wani. Ko a kan makaranta, ko a kan mutum ɗaya.

Ni na rubuta takardar sallamar Haladu daga aiki, da hannuna, a kan teburin da yake goge mini kowace safiya. Albashin gadin nan shi ne kaɗai abin da ke shiga gidansa duk wata, a shekarar da rumbu ya kusa zama fanko. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ta sabuwa. Na kai masa gida na karanta masa, don karatun bokonsa bai wuce sa hannu ba. Ya saurara, ya ce rubutun ya yi kyau. Abu ɗaya ya roƙa, a bar masa tutar. Ya wanke ta, farin ya dawo, ya naɗe ta ya sa a akwati.

Makaranta ta tsira. Dawa ma ta tsira, ba duka ba, amma ta kai mu ga wata damina, mu da shi, don gidana da nasa tukunya ɗaya muka koma. Bayan 'yan watanni aka aiko mana da tuta ta gaske daga ofis. Washegari na fito da sassafe ina tunanin wa zan ba igiya, sai na tarar da shi a gindin sanda yana jira. Na ce Yaya ai an sallame ka. Ya ce daga gadi aka sallame shi, ya saurari takardar da kyau, bai ji inda aka ambaci tuta ba. Haka ya ci gaba da ɗagawa da saukewa, safe da yamma, ba ko sisi, har ƙafa ta gaza. Yaran da suka ga abin da ya faru su ne suka girma suka kafa ƙungiyar gari, suka zaɓi shuɗi, fari, shuɗi. 'Ya'yansu suka gaji launin ba su gaji labarin ba.

Shekaru na ɗauka ina ganin camfi ne ya sa shi, na kuma riƙe wannan a raina ina ɗan jin haushinsa, mutum mai hankali ya sayar da abincinsa don maganar tsofaffin mata. Sai a ciwonsa na ƙarshe, ina zaune a bakin gadonsa da hantsi, ƙafata tana taɓa akwatin, na tambaye shi ko da gaske ya yarda sauke tuta zai kori ruwa. Ya harare ni irin hararar da yake mini tun ina yaro.

"Kai dai boko bai ƙare ka da komai ba," ya ce. "Ruwa na Allah ne, wa bai sani ba? Amma gari duka yana tsaye yana kallo. Da na sauke, hadarin nan kuma ya wuce kamar na baya, me za a ce? Za a ce makarantar boko ta kori ruwa. Gobe ɗan wa za ka koyar? Gwamnati in ta rufe makaranta, wata gwamnatin tana iya buɗewa. In gari ya rufe ta, ta rufu."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ina tsoron mutum biyu da ke tafe a mota, shi yana kallon mutum ɗari da ke tsaye a gabanmu. Ya san abin da zai rasa kafin ya saki igiyar nan, ya kuma san wanda zai rubuta takardar. Bayan rasuwarsa da aka buɗe akwatin, shuɗiyar ce a sama, a kan ta Turawa da ta Arewa da duk sauran. Da na warware ta sai takardar sallamar ta faɗo daga ciki, a ninke, ko lanƙwasar banza babu. Yaya Asabe ta ce ya bar wasiyya a ba ni su biyun tare.

Me ya rage na Haladu? Karofi ya zama gidaje. Ofishin da ya yi masinja an rushe an gina wani. An sake yanka jiharmu, an sake ƙananan hukumomi, tutocin jam'iyyu sun zo sun wuce ba adadi, tutocin kanti da suka ƙoɗe a kan sandarmu tun daga lokacin ma ban san yawansu ba. Shuɗin buhun fulawar nan kuwa yana nan yadda ruwa ya bar shi, na duba shi jiya. Makarantar tana nan, ta ƙara azuzuwa, kuma wadda ke riƙe da ita yanzu, Malama Hajara, tana cikin 'yan matan da suka rera taken ƙasa a jiƙe ranar nan. Shi ya sa ba na cikin masu cewa ƙasar nan ta gama lalacewa. Na ga lokacin da gwamnati ta kasa ba mu ko ƙyallen da za mu ɗaga, wani mai gadi ya haɗa mana da buhu da saiwa, ya kuma biya da abincin bakinsa. Irinsa ba su ƙare ba, ba a dai rubuta su ne.

Dokokinsa suna nan a makarantar, sai ɗaya da ta samu gyara. Tuta ba ta taɓa ƙasa, ba ta kwana a sama, in hadari ya taso ana sauke ta. Amma ban da ruwan farko na shekara. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba kuma ni na kafa ba. Bana ina wucewa ta bakin filin da rana hadarin farko ya haɗo, na ga wani sabon malami, baƙo ne a garin, ya nufi sanda da sauri. Malama Hajara ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, bar ta. Yau ba a saukewa." Ya tsaya yana tambayar dalili, ta ce ya shigo daga ciki, za a gaya masa.

Ni ban shiga ba. Na je gindin sandar, na mayar da hannayena baya na harɗe, na tsaya har ruwan ya sauko.